Ga Matasan Coci: Ku Kula da Hannu da Baki

Ƙannena, in aka ce kamunkai a majami'a, hankalinmu kan tafi wajen burkutu da 'yan mata. Ni ban taɓa kurɓar giya ba, ko da yake kakana Bamaguje ne wanda tulun burkutu ba ya rabuwa da gidansa. Duk da haka rashin kamunkai ne ya sauke ni daga shugabancin matasa a cocinmu, a wani ƙauye cikin ƙasar Sumaila.

Muna da gonar coci, mu matasa muke yi mata gayya. Dawa ta fara fid da kai, sai shanu suka faɗa ciki. Na iske yaron da ke kiwon, bai fi shekara goma sha biyu ba. Ban tambayi rugarsu ba, na ɗauke shi da mari, na karya sandarsa a gwiwata.

Kun san yadda ake yi a wajenmu: a sanar da mai unguwa, dagaci ya kira arɗo, a tura mutane su kimanta ɓarna, mai shanu ya biya. Gaskiya tana hannunmu. Amma da aka zauna a ƙofar dagaci, ba wanda ya ƙara ambaton dawa. Ba kuma a ce wane ya mari yaro ba, cewa aka yi 'yan mishan sun mari yaro. Baba Fasto, mai furfura, shi ya durƙusa yana cewa, "Ranka ya daɗe, yaronmu ne ya yi kuskure, a yi haƙuri." Ban iya ɗaga ido ba. Da kaka ta yi, Fulani ba su sauka a gonakinmu ba, muka rasa taki, matan rugar kuma suka daina shigo da nono unguwarmu. Dattawa suka sa ni a horo, na koma bencin baya, ba Jibin Ubangiji.

A wurin da muke 'yan tsiraru, fushin mutum ɗaya bashi ne a wuyan ikilisiya duka. Wannan nake so ku riƙe.

Ku buɗe Titus 1:7-8. Cikin sharuɗɗan shugaba, Bulus ya jera saurin fushi da saurin hannu wuri ɗaya da shan giya da kwaɗayin kuɗi. Mu ne muka ware biyu muke tsoro, muka mai da biyu jarumta. Musa ma a Meriba, cikin Littafin Ƙidaya sura 20, an ce ya yi wa dutse magana, haushin jama'a ya sa ya buge shi sau biyu. Ruwa ya fito, kowa ya sha, amma shi bai taka ƙasar alkawari ba. Karin Magana 25:28 ta kwatanta marar kamunkai da birnin da ganuwarsa ta rushe. Wanda ya ga inda badalar Kano ta zaizaye ya san ko akuya ratsawa take yi.

Saboda haka, in ranka ya ɓaci, kada ka yanke hukunci a ranar. Ka je wurin dattijo ɗaya, wanda ba ya jin kunyar gaya maka gaskiya, ka zazzage masa. A taron kwamiti, in ka ji muryarka ta fara rawa, ka nemi izini ka fita shan ruwa. Ba wanda ya taɓa shiga horo don ya yi shiru.

Waya kuwa ta fi mari sauri. Saƙon murya da ka tura a zauren WhatsApp na matasa da dare, kafin asuba ya kai Sabon Gari. In ka ɗauka, ka saurara da kunnenka kafin ka tura.

Wanda kuma aka ba ma'aji, a ƙirga baiko a gaban mutum biyu, a rubuta, a sa hannu. Kada kuɗin ya kwana a aljihunka, ko da kuɗin taki kake nema kana cewa za ka mayar ranar kasuwa.