Corollar ɗan Alhaji da laifin da na ɗora wa mai kwalba

Da hannuna na ɗaura wa motar sabon bututun iskan nan, shi ya sa ya zama abu na ƙarshe da na zarga. Da ta fara noƙewa na zargi mai, na zargi buji, na zargi famfon mai, har ƙafar mai motar sai da na zarga, kafin in kai inda ya kamata in fara leƙawa tun ranar farko.

Motar Corolla ce ƙirar 2006, mai injin 1ZZ na lita 1.8, irin waɗanda suka cika Maraɗi ta hanyar Kwatano. Mai ita ɗan wani Alhaji ne da ya daɗe yana kawo mana gyara a garejinmu na unguwar Zariya. Wata rana yaron ya dawo daga Kano da kwali a hannu, yana ta murmushi. A ciki akwai bututun alminiyom mai ƙyalli, faɗinsa inci 3, da matatar iska ja mai kama da tagiya, da robobi da ɗamarun ƙarfe na matsewa. Ya ce, "Baba, wannan zai ba injin iska mai sanyi, ƙarfi zai ƙaru." Na juya abin a hannu, na ga aikin rabin awa ne. Na cire akwatin iska na asali, na miƙa wa yara, na zare debimitir, wato na'urar da ke auna iskar da ke shiga injin, daga mazauninsa na cusa a ramin da aka yi masa a jikin sabon bututun. Da muka tayar, injin ya yi wani irin gurnani, yaran gareji suka yi shewa. Ni ma, in faɗi gaskiya, ƙarar ta yi mini daɗi.

Kwana uku ya dawo. Ya ce idan ya taka wuta zai tashi daga tsaye, motar sai ta noƙe kamar wadda aka riƙe wa wutsiya, sannan ta fizga. A hanyar Ɗan Isa ya fita zai wuce wata babbar mota, ta noƙe masa a tsakiyar titi, ga wata tafe. Jikinsa bai daina rawa ba har lokacin da yake ba ni labari.

Tambayar farko da na yi masa ita ce, "Ina ka sha mai?" Ya ce wurin wani mai kwalba, irin masu sayar da fetur a kwalabe, a kusa da gidansu. Shi ke nan, na yanke hukunci. A garin nan duk bakaniken da mota ta rikice masa, mai kwalba ne yake fara kamawa, don shi ba ya nan balle ya kāre kansa, kuma sau da yawa zargin yakan faɗa daidai. Muka zuƙe tanki, muka zubo na gidan mai. Ta ci gaba da noƙewa. Na canza buji huɗu, wato fulogi in ji 'yan'uwanmu na Katsina. Na wanke injekta. Ana cikin haka fitilar injin ta kama a gaban direba, na aro valis, na'urar da ake jona wa kwamfutar mota don gano matsala, wurin maƙwabci muka jona, ta nuna lamba P0171. Ma'anar lambar na sani: iska ta yi wa mai yawa. Amma ni a kaina sai na karanta ta da cewa mai ne ya yi kaɗan, na sa aka sayo sabon famfon mai. Kuɗin Alhaji suka tafi, tsugune ba ta ƙare ba. A tsakanin nan kuma yaron ya riga ya je ya yi wa mai kwalba tas a gaban jama'a, yana cewa bakanikensa ya tabbatar masa da gurɓataccen mai ne.

Wanda ya fitar da ni yaro ne da bai fi shekara ɗaya da rabi a wurina ba, wanda ya yi makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa. Ba ya yawan magana. Ran nan da yamma, bayan la'asar, ya matso ya ce, "Maigida, ko za ka bari in duba wani abu a valis ɗin kafin a mayar?" Na ce duba mana, a raina ina cewa me ya rage. Bai tsaya a lambar ba. Ya shiga inda na'urar ke nuna abin da injin yake yi a daidai wannan lokaci, ya nuna mini wasu layuka biyu da na sha gani ina wucewa.

Abin da ya bayyana mini, wanda rabinsa na sani amma ban taɓa haɗa shi wuri guda ba, shi ne wannan. Injin fetur yana son iska kashi 14.7 a kan mai kashi 1, da awon nauyi. Kwamfutar motar ba ta ganin iska, sai abin da debimitir ya gaya mata. Shi kuma debimitir ɗan siririn waya ne da ake gasawa da lantarki, iskar da ke wucewa tana sanyaya shi, gwargwadon wutar da ake ƙara masa don ya riƙe zafinsa, gwargwadon iskar da kwamfuta za ta ƙiyasta. Da wannan ƙiyasi take auna man da za ta fesa. Bayan an ƙona, akwai wata na'ura a farkon salansa, kusa da injin, da ke shinshina hayaƙi ta kawo rahoto: an yi daidai ko an yi kuskure. In an yi kuskure, kwamfuta ta ƙara mai ko ta rage. Layukan nan biyu su ne adadin wannan gyaran, na nan take da na dogon lokaci. A lafiyayyar mota ba su cika nisa da sifili ba, kashi 5 sama ko ƙasa. Tamu, a ralanti, wato injin yana aiki ba a taka wuta ba, in ka haɗa biyun, ƙarin ya haura kashi 20 cikin 100.

Nan na gane dalilin noƙewar. Gyaran kwamfuta a baya yake zuwa, kamar mai ba da haƙuri bayan an gama faɗa. Muddin mota tana tafiya a daidai wa daida, ƙarin da take yi yana rufa asiri. Amma da zarar ka taka wuta farat ɗaya, iska ta kwararo, a wannan ƙiftawar ido kwamfuta da maganar debimitir take aiki. In ya yi mata ƙarya, man ya gaza, injin ya shaƙe, sai rahoton salansa ya iso sannan ta farga.

Yaron ya ce in riƙe injin a juyi 2,500 a minti. Na riƙe. Adadin ya sauko, kusan rabi. Ya ce, "Akwai ɓarauniyar iska, Maigida." Dalilinsa mai sauƙi ne. A ralanti iskar da injin ke sha kaɗan ce, don haka ko ƙaramar kafa ce, abin da ke shigowa ta nan ba tare da an auna ba yana da yawa a lissafi. Idan injin ya ɗau gudu, kafar sai ta zama ɗigo a cikin randa. Muka bi bututun da hannu tun daga debimitir har bakin maƙogwaron injin. A ƙarƙashi, inda ido ba ya kaiwa, leɓen robar haɗi ya naɗe ciki lokacin da nake cusawa, na kuma matse ɗamara a kansa haka nan. Ɗan yatsana ƙarami ya shige ta wurin. Sannan ƙaramin tiyon da ke fitowa daga murfin injin, bakin da aka yi masa a sabon bututun ya yi masa kaɗan, yana zaune ne kawai sakwa-sakwa. Duka biyun aikina ne. Yaran gareji suka yi tsit, kowa ya samu abin kallo a ƙasa.

Muka gyara, muka fita gwaji hanyar Tibiri, yaron nawa yana zaune a gefe da valis a cinya. Ralanti ya daidaita, tashi daga tsaye ya yi sauƙi. Amma da na ba ta wuta sosai, adadin ya sake hawa, wannan karon a gudu, ba a tsaye ba. Ɓarauniyar iska ba ta yin haka. Wannan alamar debimitir ne da kansa yake rage awo.

Da muka zare shi na ɗaga a hasken rana, wayar da ya kamata ta yi fari tas ta yi jajawur, ƙura ta manne mata kamar an barbaɗa wa tsire yaji. Irin wannan matatar ta auduga ce da ake shafa wa mai don ta kama ƙura, kuma daga kamfani take zuwa da manta daidai gwargwado. Ni kuwa ranar ɗaurawa na dubi ƙurar Maraɗi, na dubi matatar, na ce wannan ba za ta iya da hunturunmu ba, na ɗauko ɗan kwalbar man da ke cikin kwalin na ƙara mata har ta yi sharkaf. Niyyata alheri ce. Iska ta kwashi rarar man ta yaɓa wa wayar, ƙura ta bi ta zauna a kai, wayar ta samu bargo. Waya mai bargo ba ta jin sanyin iska yadda ya kamata, sai ta riƙa cewa iska kaɗan ce. Muka fesa mata maganin wanke debimitir, ba mu taɓa ta da komai ba, muka bari ta bushe. A nan kam ina gargaɗin 'yan'uwana masu sana'a, don na ga wanda ya goge ta da tsumma da fetur: wayar nan ba ta jure yatsa, kuma kuɗin sabuwa ba wasa ba ne.

Laifi na uku ba nawa ba ne gaba ɗaya, sai dai da na auna da na gani. Bayan wanki, noƙewar ta ragu ƙwarai, amma ƙarin man bai sauko ƙasa da kashi 10 ba in an taka. Yaron ya tambaya ina akwatin asali. Sai da muka yi cigiya, ashe yara sun mayar da shi mazubin tsofaffin kusoshi, kuma Allah ya so masu sayen gwangwan ba su riga mu ba. Muka auna wuyansa inda debimitir ke zama, muka auna sabon bututun, sabon ya fi faɗi. Debimitir ba duka iskar yake aunawa ba, ɗanɗano yake yi daga wuri guda, kwamfuta kuma ta ninka bisa faɗin wuyan da masu ƙera motar suka saka mata a ƙwaƙwalwa. Ka ƙara faɗin bututu da kashi 10 cikin 100, filin bakinsa ya ƙaru da kashi 21. Iska mai yawa ɗaya za ta ratsa a hankali, waya ta ji kaɗan, kwamfuta ta ba da mai kaɗan. Ga kuma lanƙwasa dab da wurin, iska tana zuwa a hargitse. Wannan ba abin da sufana za ta gyara ba ne. Ko dai a samu bututun da aka yi wa wannan injin musamman, ko a sake tsara lissafin kwamfutar.

Maganar iska mai sanyi kuwa, ita ta fi ba ni dariya daga baya. A motar nan na'urar auna zafin iska tana cikin debimitir ɗin, valis tana nuna ta. Gaskiya ne iska mai sanyi ta fi nauyi, kusan kashi 1 cikin 100 a duk digiri 3. Amma matatar tamu a buɗe take a cikin kapo, wato ƙarƙashin murfin gaban mota, babu garkuwa tsakaninta da injin. A watan Afrilu, ana zafin da ya wuce digiri 40 a inuwa, muka tsaya a cunkoson bakin babbar kasuwa, na ga adadin yana hawa har ya haura 60. Akwatin asali da muka raina, hancinsa yana gaba, daga waje yake shaƙa. Masu dogon bututun da ke sauka ƙasa bayan bamba su suna samun iskar waje, amma duk wanda ya san yadda ruwa ke kwanciya a titunan garin nan a watan Agusta ba zai so bakin injinsa a can ba. Ruwa ba ya matsuwa, in ya shiga silinda ƙarfe ne zai lanƙwashe.

Muka wanke akwatin, muka sa sabuwar matatar takarda, muka mayar da komai yadda yake. Na cire kan batir na ɗan lokaci don kwamfuta ta manta da tsohon gyaran da ta haddace. Daga Maraɗi zuwa Madarunfa da dawowa, adadin bai wuce kashi 4 ba, motar tana amsa ƙafa kamar ba ita ba. Tun daga ranar, duk motar da aka kawo mini ina fara tambayar me aka taɓa mata a ƙarshe, kuma wa ya taɓa, ko da amsar ni ce. Na kuma sayi valis tawa, yaron ne yake riƙe da ita.

Ɗan Alhaji bai ji daɗin rasa gurnanin ba. Na gaya masa komai a gaban mahaifinsa, har da robar da na naɗe da man da na ƙara, na ce kuɗin famfo a kaina. Alhaji ya yi shiru, sannan ya ce, "To, shi bawan Allah ɗin da kuka ci wa mutunci fa?"

Washegari muka tafi tare da ɗan Alhaji. Mun sami mai kwalba a gindin dalbejiya, kwalabensa jere a kan tebur, yana tace mai da ƙyalle. Da ya ga motar ya ɗaure fuska. Na gaishe shi, na ce, "Malam, ni ne bakaniken da ya ce manka ne. Ba manka ba ne, hannuna ne. Ka yafe mana." Ya dube ni, ya dubi yaron, ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Sai ya ɗauki mazurari ya tambayi yaron, "Kwalba nawa za a zuba?"