Asabar, a mashigar Gozo

Yau babu aiki, sai na kama bas tun da sassafe zuwa Cirkewwa, tashar jiragen ruwa a arewacin tsibirin Malta, na shiga jirgin fito mai tsallakawa zuwa tsibirin Gozo. Tafiyar ba ta kai rabin awa ba. Wani dattijo ɗan Malta da ke kusa da ni ya nuna min gaɓar Marfa a bayanmu, ya ce daga can jirgin ruwan Calypso yake ɗaukar fasinja kafin duniya ta san shi. Calypso dai na Jacques Cousteau, Bafaranshen nan mai jar hula da ke nutso ƙarƙashin teku. Wunin nan duk maganar na raina, har na dawo masauki na zauna na bi tarihinsa.

Jirgin yaƙi ne tun asali, amma ba mai kai hari ba. A Siyatil ta Amurka aka ƙera shi, aka saka shi ruwa a Maris 1942, aka ba sojojin ruwan Ingila aro. Ba shi da suna a lokacin, sai lamba: J-826. Tsawonsa kamar mita 42, jikinsa kuma katako ne, da gangan, domin akwai nakiyar ruwa da ke tashi da zarar ta ji ƙarfen jirgi ya gifta ta samanta. Aikinsa shi ne ya shiga gaba inda kowa ke gudu. Yana jan doguwar waya mai wuƙaƙe a bayansa, ta tsinke igiyar da ta ɗaure nakiya a ƙasan ruwa, nakiyar ta taso sama, sai a harbe ta da bindiga. Samari ne a ciki, tsakaninsu da ajali falankin katako kawai. A nan Bahar Rum suka yi wannan aikin daga 1943, Malta ce sansaninsu.

Yaƙi ya ƙare, aka sallame shi, ya koma jigilar mutane da kayansu tsakanin Marfa da Imjar, tashar jiragen ruwa ta Gozo. A nan ya samu sunansa. A 1950 wani attajiri, Loel Guinness, ya saye shi ya ba Cousteau haya kan faran ɗaya rak, kuɗin Faransa na lokacin, a shekara. Abin da ya fi burge ni shi ne ɗan ɗakin da suka ƙara masa a goshi, can ƙarƙashin ruwa, mai tagogin gilashi. Mutum ya sauka ta tsani ya kwanta rub da ciki yana kallon kifaye jirgi na tafiya. Ya je Bahar Maliya, ya je Antatika, ya shiga kogin Amazon.

Ƙarshen ne ya ɓata min rai. A Janairun 1996, yana ɗaure a tashar Singafo, wani jirgin dakon kaya ya buge shi ya nutse. An tsamo shi an kai Faransa, Cousteau ya rasu a 1997, daga nan sai shari'a kan mallaka da kuɗin gyara, jirgi na ruɓewa a bakin ruwa shekara da shekaru. Wallahi abin da takaici, nakiya ba ta ci shi ba amma jayayya ta cinye shi. A 2016 aka ɗauke shi zuwa Turkiyya don a sake masa jiki, a 2017 gobara ta tashi a wurin gyaran ta ƙone sabon katakon da aka fara sa masa.