Talata a Bukoki: an buɗe cikin injin taksina

Yau ban ɗauki fasinja ko ɗaya ba. Daga sallar asuba na wuce gareji a unguwar Bukoki, nan Yamai, da Corolla ta, don sati uku ke nan tana shan baƙin mai, hayaƙi shuɗi na bin ta a baya, in kuma na hau gadar Kennedy da mutum huɗu sai in ji tana nishi.

Da Maigida, babban makanikin garejin, ya cire kan injin, sai ya kama yatsana ya sa cikin rami na biyu daga ramuka huɗun da fistan ke hawa da sauka a ciki. Can sama na ji wani ɗan tudu siriri ya zagaye bakin, inda zobban fistan ba sa kaiwa. Ya ce, "Ka ji ko? Duk abin da ke ƙasa ƙurar Yamai ta cinye. Sai an faɗaɗa ramukan, a sa fistan masu kauri."

Nan take raina ya yi fari. Na ce, "Maigida, ke nan injin zai ƙara girma?"

Ya tsuguna, ya ɗauki ƙusa yana zane a ƙasa. "Ƙanena, girman inji awo ne, kamar tiya. Daga faɗin ramin ka fitar da filin bakinsa, ka ninka da nisan da fistan yake tafiya daga ƙasa zuwa sama, sai ka ninka sau huɗu, yawan ramukan." Injina 4A ne: faɗin rami milimita 81, tafiyar fistan 77, jimilla cc 1587 (cc shi ne ma'aunin abin da ramukan ke ɗauka). Rabin milimita za a ƙara. Na buga a wayata sau biyu, 1607 ya fito. Wato cc 20 kacal, ko rabin kofin shayi bai cika ba. Wallahi abin ya taɓa ni, don na riga na fara hango kaina ina wuce ƴan'uwa a hanyar Harobanda.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne injin 7A da ke jingine a kusurwa. Faɗin raminsa 81 ne, daidai da nawa, amma cc 1762 gare shi. Maigida ya sa yaro ya jawo ƙarfen nan mai gwiwa-gwiwa da ke juyawa a ƙasan inji yana tura fistan, na 7A ɗin, ya ajiye kusa da nawa. Gwiwoyinsa sun fi nisa da tsakiya, har ido yana gani, shi ya sa fistan ɗinsa ke tafiyar 85.5. Ƙarin milimita takwas da rabi, ya haifi cc 175. Ya ce irin wannan ne ke jan kaya ba tare da ka taka wuta sosai ba.

Na tambaya ko za a ɗora mini ƙarfen 7A ɗin a injina. Ya girgiza kai: jikin 7A ya fi tsawo, a nawa fistan zai leƙo waje ya daki kan injin. Faɗaɗawar ma ba a zarce ƙima, bango na yin siriri kusa da hanyar ruwa, ga zafin watan Afrilu na tafe.

Na yarda da rabin milimitar. Da la'asar muka ɗora jikin injin a amalanke zuwa wurin mai injin ƙwaƙula, ni kuma na dawo gida a taksin wani, da baƙin mai a ƙarƙashin farce. An ce in koma Alhamis da kuɗin fistan da zobba.