Abin da Makarantar Kasuwanci Take Nema a Tarihin Aikinku

Ƙannena masu shirin neman gurbin karatun MBA, wato digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci, na lura cewa yawancinku kun fi damuwa da makin jarrabawar neman shiga, wato GMAT ko GRE, kamar shi kaɗai za a duba. Maki yana da nasa matsayi, kuma a sabon tsarin GMAT da aka fara a ƙarshen 2023 ana ba da shi ne daga 205 zuwa 805, amma a manyan makarantu masu maki mai kyau sun fi guraben da ake da su yawa, don haka abin da ke raba su shi ne aikin da suka yi da yadda suka iya bayyana shi. A nan ne na yi tuntuɓe a nemana na farko, domin na kashe ƙarfina a kan jarrabawa, na bar sauran takardun sai da lokaci ya ƙure.

Ya kamata ku fara fahimtar dalilin da ya sa ake neman gogewar aiki. A makarantar kasuwanci ta Harvard, wadda aka kafa a 1908, ana koyarwa ne ta hanyar ɗauko matsalar da wani kamfani ya taɓa fuskanta, a sa ɗalibai su yi muhawara a kanta, kuma a darussa da dama kusan rabin makin ɗalibi yana fitowa ne daga abin da ya faɗa a cikin aji. Makarantar kasuwanci ta INSEAD, mai rassa a Faransa da Singafo, tana kammala karatunta cikin wata goma, ba ta da lokacin koya wa mutum yadda ake zama da abokan aiki. Saboda haka kwamitin tantancewa aji yake haɗawa, kuma tambayar da ke zuciyarsa ita ce: idan muhawara ta kai ga sallamar ma'aikaci ko rasa babban abokin ciniki, me wannan mutumin zai faɗa wanda shi ya gani da idonsa? Matsakaicin shekarun aikin ɗaliban irin waɗannan makarantu yakan kai kimanin biyar, amma ba adadin ake lissafawa ba.

Kuskurena na farko shi ne na cika shafin tarihin aikina da nauyin da aka ɗora mini, na rubuta cewa ni ke kula da rahoton ciniki na wata-wata, ni ke halartar taro kaza. Duk wanda ya zauna a kujerar zai iya rubuta haka. Abin da ban rubuta ba shi ne cewa rahoton yana makara kullum, ni ne na gano cewa sassa biyu suna shigar da lissafi iri ɗaya ta hanyoyi daban-daban, na kuma shawo kan shugabanninsu suka yarda da tsari guda. Kowane layi ya kamata ya nuna yadda kuka tarar da abu, abin da kuka yi, da yadda kuka bar shi, tare da adadi idan akwai shi kuma kuna iya kare shi a gaban kowa.

Na biyu ya fi wannan ciwo, domin na ɗauka jagoranci muƙami ne. Tun da ba ni da ma'aikata a ƙarƙashina, sai na ga ba ni da abin faɗa, na koma ina jera ƙungiyoyin da sunana yake cikin rajistarsu alhali ban taɓa ɗaukar wani nauyi a cikinsu ba. Masu karanta takardun nan suna karanta dubbai a shekara, kuma suna gane irin wannan ƙarin gishiri nan take. Abin da suke so su gani shi ne lokacin da kuka sa mutanen da ba ku da ikon ba su umarni suka sauya yadda suke aiki. Wannan ya fi wuya, domin wanda ke ƙarƙashinka yana iya bin ka don tsoron albashinsa, amma tsaranka ko wanda ya girme ka ba zai bi ka ba sai ka gamsar da shi. Horar da sabon ma'aikaci har ya tsaya da ƙafarsa jagoranci ne, haka ma gaya wa shugaba cikin ladabi cewa shirinsa ba zai yi aiki ba, sannan ka kawo madadinsa. A ganina ƙungiyar sa kai guda ɗaya da kuka daɗe kuna yi wa hidima, har aka san abin da ya sauya a hannunku, ta fi biyar da kuka shiga watanni kaɗan kafin ku cike takarda.

Akwai kuma tarbiyyar da muka tashi da ita ta cewa yabon kai jahilci ne, wadda ta sa na ɓoye rawar da na taka a cikin aikin tawaga har mai karatu ya kasa gane abin da ni na yi. Bayyana aikinka da hujja ba alfahari ba ne. Ku ambaci gudummawar abokan aikinku, sannan ku fito fili ku faɗi shawarar da ku kuka yanke, har da wadda ta ƙi ci da abin da kuka gyara bayanta.

Wajen wasiƙar shaida ma na bi suna na bar sani. Na nemi wani babban jami'i wanda da ƙyar ya san fuskata, ya rubuta yabo mai daɗin karantawa wanda zai dace da kowa. Yawancin makarantu suna so ne su ji daga shugaban da ke duba aikinka kai tsaye, kuma sukan tambaye shi wane gyara mafi muhimmanci ya taɓa yi maka, da yadda ka karɓe shi. Wanda bai taɓa yi maka faɗa a kan aiki ba, ba shi da amsar wannan tambaya. Ku sanar da shugaban naku da wuri, domin zangon farko na karɓar takardu a makarantun Amurka da dama yana rufewa ne a Satumba, na biyu kuma a Janairu.

Duk abin da kuka rubuta za a bi diddiginsa a ganawa. A Harvard ganawar ta kimanin minti 30 ce da wanda ya riga ya karanta takardunku, a makarantar kasuwanci ta Wharton kuwa ana haɗa masu nema a ƙaramar tawaga a ba su matsala a ga yadda kowa yake sauraro da yadda yake jan ragamar magana. Ni da aka tambaye ni dalilin wata shawara da na yanke shekarun baya, na manta cikakken bayaninta. Idan kuna da shekara biyu kafin ku nema, ku tanadi littafi tun yanzu, ku riƙa rubuta kowace matsala da kuka warware, da waɗanda suka ƙi yarda da ku, da hujjar da ta sauya musu ra'ayi, sannan ku nemi shugabanku ya ba ku aikin da ya haɗa sassa daban-daban wanda kowa yake gudu.