Gidan Percy, inda ɗan mace ya gaji sarauta

Sunan wani basarake da na riƙa gani a shafin farko na wani ƙamus ne ya kai ni ƙuryar arewacin Ingila. Muna ɗalibai a sashen Larabci, duk kalmar da ta gagare mu sai malaminmu ya ce a je a duba Lane, wato ƙamusun Larabci da Ingilishi na Edward William Lane mai juzu'i takwas. A farkon littafin, mawallafin ya sadaukar da aikinsa ga Algernon Percy, Duke na Northumberland, wanda ya kawo shawarar yin ƙamusun kuma ya ɗauki nauyinsa. Na yi shekaru ina tambayar kaina abin da ya haɗa basaraken Turawa da Tajul Arusi, babban ƙamusun Larabci da Lane ya dogara da shi. Da Allah ya nufa na je duba ɗan ƙanwata da ke karatu a Newcastle, na ce masa ba zan koma gida ba sai na ga gidan mutumin nan da idona.

Daga tashar King's Cross ta Landan jirgin ƙasa ya ɗauki kusan awa uku kafin ya kai ni Newcastle. Mun ratsa York, sannan Durham, inda babban cocin garin ke zaune a kan tudu, ana hango shi ta tagar jirgi. A lokacin kallo kawai nake yi. Sai washegari na gane cewa garuruwan biyu duk suna cikin labarin da na zo nema.

Da safe muka hau jirgi zuwa Alnmouth, tafiyar kamar rabin awa. Ƙarshen watan Satumba ne, iska na kaɗawa daga teku, sanyinta ya fi na hunturunmu shiga ƙashi domin da danshi yake zuwa. Daga tashar muka shiga bas zuwa Alnwick, garin da fadar gidan take, mil huɗu ko makamancin haka. Na faɗi sunan garin yadda na gan shi a rubuce, direban ya yi murmushi ya gyara mini: mutanen wurin "Anik" suke cewa.

Tun kafin ka shiga tsakiyar gari za ka ga wata doguwar hasumiyar dutse, da zaki a ƙololuwarta ya miƙe wutsiya sambal kamar sanda. Manoman da ke haya a gonakin gidan ne suka gina ta a 1816 don gode wa Duke na biyu da ya rage musu kuɗin haya. Wannan zaki mai miƙaƙƙiyar wutsiya shi ne tambarin gidan Percy, kuma duk inda ka juya a garin sai ka gan shi. Muka bi ta wata tsohuwar ƙofar gari mai ƙunci, wadda mota ɗaya kawai ke iya wucewa ta cikinta, muka gangara har bakin fada.

Fadar ba ƙaramin gini ba ce. Bayan Windsor, fadar sarakunan ƙasar, ita ce mafi girma a Ingila cikin tsoffin gidajen ganuwa da har yau masu su ke kwana a ciki. A saman katangar ƙofa an jera gumakan mayaƙa na dutse, wanda ya hango su daga nesa zai ɗauka dogarai ne ke gadi. Iyalin suna zama a ciki da hunturu, daga bazara zuwa Oktoba kuma a buɗe wa maziyarta. Ɗan ƙanwata ya saya mana tikiti, muka bi ayarin da wata dattijuwa ke yi wa jagora.

Asalinsu ba Ingila ba ne. Kakan kakanninsu, William de Percy, daga Normandi ta ƙasar Faransa ya tsallako bayan cin Ingila da yaƙi a 1066, aka ba shi ƙasa mai yawa a Yorkshire. Ana masa laƙabi da mai gashin baki a Faransancin lokacin, kuma daga wannan laƙabi aka samo sunan Algernon da gidan ke ta maimaitawa, har ya iso kan mutumin da ke cikin ƙamusuna. William ya mutu a hanyar Ƙudus, cikin rundunar yaƙin 'yan gicciye na farko. Da na ji haka sai na yi shiru. Zuriyar da kakanta ya ɗauki takobi ya nufi ƙasar Musulmi, ita ce bayan shekara ɗari bakwai da hamsin ta biya kuɗin tattara kalmomin Larabci.

Alnwick kuwa saye suka yi. A 1309 Henry de Percy ya saye ta daga hannun Antony Bek, babban limamin cocin Durham, wancan da na hango daga jirgi. Tun daga nan suka zama masu tsaron iyakar Ingila da Sukotlan, irin matsayin da sarakunan yaƙi ke riƙewa a bakin daga. A 1377 aka naɗa shugaban gidan sarautar Earl na Northumberland. Ɗansa Harry shi ne wanda abokan gaba suka sa wa Hotspur, wato mai zafin kaimi, saboda saurin kai harinsa. Nan ɗan ƙanwata ya farka.

"Kawu, Hotspur irin na Tottenham?"

Shi ɗin ne. Gidan Percy sun mallaki fili a unguwar Tottenham ta Landan, kuma daga sunan wannan jarumi kulob ɗin ƙwallon ya samo nasa.

Amma ƙarshen Harry bai yi daɗin ji ba. Shi da mahaifinsa ne suka taimaka wa Henry na Huɗu ya karɓe gadon sarauta a 1399, daga baya suka ɓata da shi kan kuɗin tsaron iyaka da bai biya su ba da kuma fursunonin da Harry ya kama a yaƙin Homildon na 1402. Suka yi tawaye, aka kashe Harry a Shrewsbury a 1403, aka kafe kansa a ƙofar birnin York. Uban ya bi shi a 1408, shi ma a fagen fama. Daga nan jerin mutuwar ya yi tsawo: Earl na biyu ya faɗi a yaƙin St Albans a 1455, na uku a Towton a 1461, na huɗu talakawa suka kashe shi a 1489 da ya je karɓar haraji. Na bakwai an fille masa kai a York a 1572 saboda tawayen da 'yan Katolika na arewa suka yi wa Sarauniya Elizabeth, na takwas ya mutu a kurkukun Hasumiyar Landan, na tara ya yi shekara goma sha shida a wannan kurkuku. Dattijuwar tana lissafo su a natse, kamar yadda maroƙi ke jero sarakunan gari, ni kuwa ina mamakin yadda gida zai sha wannan duka bai rushe ba.

Amsar tana jikin wani zanen salsala da na daɗe a gabansa har ayarin ya bar ni. Idan ka bi layin da yatsa daga William de Percy, sai ka ga ya katse ta wajen maza tun a ƙarni na 12. 'Ya mace ce ta rage, Agnes, aka aurar da ita ga Joscelin na Louvain, ɗan'uwan matar Sarki Henry na Ɗaya, 'ya'yansu kuma suka ɗauki sunan gidan uwarsu. Ashe Hotspur da duk waɗancan da aka kashe, ta wajen uba ba jinin Percy na farko ba ne.

Karo na biyu ya fi taɓa zuciya. A 1670 Earl na goma sha ɗaya ya rasu a Turin ta Italiya, ya bar 'ya ɗaya tilo, Elizabeth, tana da shekara uku. Dukiyar gidan gaba ɗaya ta hau kan wannan marainiya. Tana shekara goma sha biyu aka ɗaura mata aure da wani yaro ɗan gidan Cavendish, da sharaɗin ya koma amsa sunan Percy. Bai yi nisa ba ya mutu. Aka sake ba da ita ga Thomas Thynne, attajiri, aka harbe shi a cikin keken dokinsa a titin Pall Mall na Landan a 1682. A cikin shekarar nan ta auri Duke na Somerset. Aure uku kafin ta cika goma sha shida. Na tsaya ina tunanin yarinyar nan. Littattafan tarihi suna yaba mata da cewa ita ta raya gida, amma ba a tambaye ta ba, kuma ban ga dalilin da zai sa in kira abin da aka yi mata da wani suna ba face ciniki. A wannan tsakanin har wani mai ƙera akwatuna daga Dublin, James Percy, ya fito ya ce shi ne magajin gidan ta wajen maza. Ya yi shekaru yana shari'a, a 1689 Majalisar Iyayen Ƙasa ta yanke cewa da'awarsa ƙarya ce.

Jikar Elizabeth, ita ma Elizabeth, ita ta gaji Alnwick, domin ƙanenta ya mutu da ciwon agana a 1744. Mijinta Sir Hugh Smithson ne, mutumin Yorkshire wanda kakanninsa 'yan kasuwar Landan ne. A 1750 majalisar dokoki ta yi doka ta musamman da ta ba shi damar ajiye sunan ubansa ya zama Percy, a 1766 Sarki George na Uku ya ɗaga shi zuwa Duke na Northumberland. Su biyu suka tarar da fadar ta zama kusan kango, suka gyara ta, suka mai da ita gida. Duke na yanzu, Ralph Percy, na goma sha biyu, wanda ya gaji yayansa a 1995, daga tsatsonsu ya fito.

A wurinmu, namiji ya bar sunan ubansa ya ɗauki na surukinsa abu ne da ba a ko kawo shi a rai. Ɗan mace ana ƙaunarsa, ana wasa da shi, amma in aka zo zancen gadon sarauta sai a ce ba layinsa ba ne. Mu masu zaɓen sarki ke duba 'yan gida su ɗauki wanda ya dace, dukiya kuma a raba ta yadda shari'a ta tsara, kowa ya samu rabonsa. Su kuwa babban ɗa ne ke kwashe sarauta da gida da gonaki, ƙanne su fita neman na kansu a soja ko coci. Shi ya sa ƙasar ba ta gutsurewa. Na ga amfanin tsarin a katangun da ke tsaye shekara ɗari bakwai, amma ban yi sha'awarsa ba, domin na ga waɗanda ya bari a waje. Hugh Smithson yana da ɗa da ya haifa ba ta hanyar aure ba, James, wanda bai samu sunan Percy ba, bai samu sarauta ba. Ya zama masanin kimiyya, ya amsa sunan Smithson da uban ya yar, ya mutu a Genoa a 1829. Dukiyarsa ya yi wasiyya da ita ga Amurka, ƙasar da bai taɓa takawa ba, da ita aka kafa cibiyar Smithsonian a Washington a 1846.

Sai da muka shiga ɗakunan ciki na sadu da mutumina. Daga waje fadar ta yaƙi ce, ciki kuwa rufi ne mai sassaƙa da ruwan zinariya irin na gidajen Roma, da zane-zanen Titian da Canaletto, shahararrun masu zanen Italiya, da ɗakin karatu mai hawa biyu cike da dubban littattafai. Algernon, Duke na huɗu, shi ya sa aka yi wannan aiki tun daga 1854. Shi ma ƙane ne, ba shi aka sa ran zai gaji gida ba, don haka ya shiga sojan ruwa tun yana yaro, daga baya ya yi yawo a Masar da Sudan. Zakoki biyu na jan dutse da ya ɗauko daga Jabal Barkal suna gidan tarihin Birtaniya tun 1835, kuma zan fi so a ce suna Sudan. Amma shi ne ya biya Lane ya koma Alƙahira a 1842, ya zauna shekaru tare da Shehu Ibrahim Dasuƙi suna kwafar ƙamusoshin malaman da. Juzu'in farko ya fito a 1863, Algernon ya rasu bayan shekara biyu bai bar ɗa ba, matarsa ta ci gaba da biya. Lane ya rasu a 1876 yana kan harafin ƙafun. Ban samu damar taɓa ko littafi ɗaya a ɗakin ba, akwai igiya tsakanina da su, amma na tsaya na tuna malaminmu, Allah ya jiƙansa, da yadda yake lasar yatsa yana buɗa shafukan.

Lambun da matar Duke na yanzu ta buɗe a 2001 mun leƙa shi a gurguje. Akwai wani sashe mai baƙar ƙofa da aka tara tsirrai masu guba, na gane zurma a cikinsu, wadda ke fitowa a bayan gidajenmu ba mai kula ta.

La'asar ta same mu a bakin kogin Aln, ƙarƙashin gadar da zakin nan ke tsaye a kanta. Muka shimfiɗa rigunan sanyi a kan ciyawa muka yi salla, tumaki na kiwo a tsallake, fadar na sama da mu. Da muka idar ɗan ƙanwata ya daɗe yana kallonta.

"Kawu, da a nan ne, kuma da babu ku maza, ni zan gaji gidan Malam ke nan ta wajen Umma?"

Na ce masa haka ne, amma sai ya ajiye sunan mahaifinsa.

Ya girgiza kai. "A'a, Kawu. A bar musu."

Muka karkaɗe rigunanmu muka hau tudu zuwa tashar bas, domin jirgin Newcastle ba ya jira.