Abin da Fayil ɗin Kuɗin Makaranta Ya Koya Mini

A ƙarshen watan nan zan bar kamfanin da nake rubuta wa manhaja a Gombe, kuma duk wanda muka zauna ofis ɗaya da shi ya san cewa batun manhajar kuɗin makaranta ne silar tafiyata.

Manhajar, wadda aka rubuta da yaren shirya manhaja na PHP tun kafin zuwana, tana ɗauko jerin waɗanda suka biya kuɗi daga sabar kamfanin karɓar kuɗi, wato kwamfutarsu da ke ajiye bayanai a intanet, kowane dare. Na tarar ana buɗe adireshin fayil ɗin da umarnin fopen, a kira fread, umarnin karanta abin da ke ciki, sau ɗaya tak, a ɗauka an gama. Hakan yana yiwuwa idan fayil ɗin yana cikin kwamfutarka, amma wanda ke wata saba gutsure-gutsure yake isowa, kuma fread tana iya dawowa da zarar ƙunshi ɗaya ya iso, galibi abin da bai wuce bayit 8192 ba, ba tare da ta nuna wani kuskure ba. Tambayar girman fayil da umarnin filesize ma ba ta aiki a kan adireshin intanet na HTTP. Da yake an yi gwaji da sunaye kaɗan ne, komai ya shige a karatun farko, shi ya sa babu wanda ya lura.

Na kai wa Oga maganar kafin a koma hutu, na nemi ya ba ni lokaci in sake rubuta wannan sashe da cURL, wani kayan aikin ɗauko bayanai daga intanet. Ya ce mini, "Malam, abin da yake aiki ba a taɓa shi, ka je ka gyara launin shafin farko, shi ne abin da mai makaranta yake gani." Da zangon karatu ya fara, jerin ya yi tsawo, sai sunayen da ke ƙasa suka riƙa ɓacewa, aka kori yara gida alhali iyayensu na riƙe da rasit a hannu. A gaban shugaban makarantar Oga ya nuna ni, ya ce sakacin yaronsa ne. Na yi shiru saboda ba a ƙaryata babba a gaban baƙo, amma har yau abin bai bar raina ba, musamman idan na tuna iyayen da suka taso daga Pantami da Tumfure cikin rana domin kare kansu daga bashin da ba su ci ba.

Gyaran da na yi bayan nan ina tsaye a kansa ko a gaban wa. Na sa wa cURL iyakar lokacin haɗuwa da ta ɗauko fayil gaba ɗaya, na kuma sa manhajar ta duba lambar amsar da sabar ke bayarwa, domin cURL ba ya ɗaukar lambobin kuskure irin su 404 ko 500 a matsayin gazawa sai an umarce shi, yana iya miƙo maka shafin kuskure ka adana a matsayin jerin biya. A cURL, kuskure mai lamba 28 yana nufin lokaci ya ƙare, mai lamba 18 kuma yana nufin abin da ya iso bai kai girman da sabar ta sanar ba. Duk abin da aka ɗauko yana sauka ne a fayil na wucin gadi, sai an tabbatar ya cika sannan umarnin rename, mai sauya sunan fayil, ya ɗora shi a gurbin tsohon. Idan aka gwada aka sake gwadawa bai samu ba, jerin jiya yana nan yadda yake, kuma saƙo yana zuwa wayar mai kula.

Sauran darussan gajeru ne. PHP tana jiran saba mai shiru har daƙiƙa 60 idan ba a sauya saitin ba, kuma wasu masu ba da hayar saba suna kashe allow_url_fopen, saitin da ke ba fopen damar buɗe adireshin intanet, ba tare da sanarwa ba. Kada a kashe tantance takardar shaidar SSL, wadda ke tabbatar da cewa sabar ta gaske ce, don kawai kuskure ya daina fitowa. Duk gargaɗin da za ka yi wa na gaba da kai, ka aika masa a rubuce, da kwanan wata.

Tun daga lokacin jerin bai sake yankewa ba, ko da yake na ji Oga ya shaida wa makarantar cewa shi ne ya gano matsalar. Abin da ban kai ga yi ba shi ne ci gaba da ɗauko fayil daga inda ya tsaya idan layi ya katse, kuma na bar bayaninsa a rubuce ga wanda zai gaji kujerata.