Gonar da ke cikin zanen Gainsborough

Wajen shekarar 1750 ne Thomas Gainsborough, wanda a lokacin bai wuce shekara ashirin da 'yan kai ba, ya zana Robert Andrews da matarsa Frances a gonarsu ta Auberies, kusa da garin Sudbury a gabashin Ingila. An ɗaura aurensu a watan Nuwamba na 1748, amarya tana da shekara 16, kuma aure ne da ya haɗa dukiyar gidaje biyu masu hannu da shuni.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda mai zanen ya matsar da ma'auratan gefen hagu, ya bar wa gona fiye da rabin allon. Maigidan yana tsaye da bindigar farauta a hammata, karensa na kallonsa, uwargida kuwa tana zaune a gindin wata babbar bishiya cikin shuɗiyar riga, kuma a cinyarta akwai wani ɗan wuri da ba a ƙarasa yi wa fenti ba har yau. Daga dama ga amfanin gona an girbe an ɗaure dami-dami, ga layukan shuka a miƙe sambal, abin da masana ke ɗauka alamar amfani da na'urar shuka, wadda sabon abu ce a wancan zamani.

Duk wanda ya ga yadda ake yankan shinkafa a fadamar Argungu ya san cewa dami ba ya ɗaure kansa, sai da ɗan ƙodago ya wuni a sunkuye da lauje a hannu. Amma a duk faɗin gonar nan ba a nuna ma'aikaci ko ɗaya ba, kuma wannan yana damuna ƙwarai. A 1972 marubuci John Berger ya bayyana cewa tsayuwar ma'auratan da kallonsu na masu mallakar ƙasa ne, ni ma haka na gani, ko da yake ban cika ganin laifin matashin mai zanen da ke neman na kansa a wurin masu biyansa ba.

Zanen ya zauna a hannun zuriyar Andrews fiye da shekara 200, har zuwa 1960, kuma sai a 1927 aka fara baje shi ga jama'a a garin Ipswich, lokacin cikar Gainsborough shekara 200 da haihuwa. A 1960 aka yi gwanjonsa a kamfanin gwanjo na Sotheby's kan fam 130,000, daga nan ya shiga gidan adana zane-zane na National Gallery da ke Landan, inda yake har yanzu.